Tun ran gini ran zane: yadda ake kafa sabuwar lise a arewacin Kamaru

Ranar da aka karanta sunan garinmu a rediyo cikin garuruwan da aka ba sabuwar makarantar sakandare, har daga bayan katanga ana jiyo guɗar mata. Dole su yi guɗa. Shekara da shekaru yaron da ya gama firamare sai dai a tura shi Garwa ko Gidar ya zauna gidan dangi, 'yan mata kuwa kaɗan ne iyayensu ke yarda su yi wannan nisan. Da la'asar aka taru a ƙofar lawan ana ta barka da arziki. Wani dattijo da ya tsufa a sana'ar gini ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya juyo wajena ya ce, "Malam, takarda ta fito, mun gode Allah. To, ina za a zaunar da yaran?" Ba wanda ya ba shi amsa a ranar. Bayan haka aka sa ni cikin kwamitin iyaye, kuma abin da zan faɗa a nan can na koyo shi.

Sai an fara gane abin da takardar ta ƙunsa. A Kamaru, Firaminista ne ke sa hannu a dokar da ke ƙirƙiro makarantar sakandare ta gwamnati, sannan ma'aikatar ilimin sakandare ta ba da izinin buɗe ta, ta naɗa shugaba. Babu ɗaya daga cikin takardun nan da ke zuwa da buhun siminti. Shi ya sa sau da yawa shugaban makaranta zai iso da hatimi a jaka, a ara masa aji a firamare ko a kafa rumfar zana, a fara karatu a haka. Kuɗin gini daban yake zuwa, daga kasafin ayyukan raya ƙasa da ake kira BIP, kuma yawanci abin da ake bayarwa a tashi guda shi ne gini ɗaya mai aji biyu. Tun da aka yi dokar rarraba iko ta watan Disamba 2019, aka kuma zaɓi majalisun jihohi a ƙarshen 2020, gina lise (cikakkiyar sakandare) da kwaleji (ƙaramar sakandare) da gyaransu ya shiga cikin aikin majalisar jiha, kamar yadda firamare ke hannun ƙananan hukumomi. Ke nan garin da ke neman aji yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, ba sai Yawunde kaɗai ba.

Yanzu mu yi lissafi, don a nan ne yawancinmu muke yin tuntuɓe. Makaranta ba ta tsayawa yadda aka buɗe ta, kowace shekara sai ta haifi sabon aji. Ɗauki garin da yara 120 ke shiga siziyam, wato ajin farko na sakandare, duk shekara. In aka bi ƙa'idar yara 60 a aji, aji biyu ke nan a shekarar farko. Baɗi waɗancan sun wuce gaba, sababbi sun shigo, aji huɗu. Kafin 'yan farko su zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare a turwaziyam, wato aji na huɗu, ana bukatar aji takwas. In makarantar ta zama cikakkiyar lise har tarminal, ajin ƙarshe, shekara bakwai ke nan, aji 14, yara 840. Wannan ma lissafin sauƙi ne, domin a aji na uku yara kan rabu bisa harshen da suka zaɓa, wasu Jamusanci, wasu Sifaniyanci, wasu Larabci, a manyan azuzuwa kuma a sake rabuwa tsakanin masu adabi da masu kimiyya. In kuwa gari ya nemi lise mai harshe biyu, to ya san ya nemi makaranta biyu ne a fili ɗaya, tunda ɓangaren Ingilishi yana da nasa azuzuwa bakwai da nasa jarrabawar. Ba a ma yi maganar ofis ba, da ɗakin malamai, da ɗakin gwaje-gwaje, da na kwamfuta, da na littattafai.

Abin nan da zai ɗauki shekara bakwai ko goma yana girma, aji biyu-biyu za a riƙa gina shi, da kuɗi daga hannu daban-daban, da 'yan kwangila daban-daban. In babu zane guda da ya nuna inda kowane gini zai zauna tun daga ranar farko, kowane ɗan kwangila zai kafa nasa inda motar yashi ta fi saurin isa. Na ga makarantar da aka dasa aji biyu a tsakiyar wurin da ya kamata ya zama filin ƙwallo, wani ginin ya ba rana fuska, makewayi kuma yana daf da rijiya. Ba wanda ya yi nufin ɓarna, zane ne kawai babu. A ganina wannan zanen, wanda kuɗinsa bai kai na rufin aji ɗaya ba, ya fi komai muhimmanci a aikin gaba ɗaya, kuma shi ne abin da gari zai iya yi da kansa ba tare da jiran kowa ba.

Amma zane sai da fili, maganar fili kuwa a nan ake ɓata zumunci. Yadda aka saba, lamido ko lawan ko jauro zai nuna wuri ya ce an ba makaranta, a yi addu'a a watse. Kyautar gaskiya ce, sai dai doka ba ta san ta ba. Tun dokokin ƙasa na Yulin 1974, duk filin da ba shi da takardar mallaka yana cikin filayen ƙasa ne da gwamnati ke kula da su, kuma takardar mallaka ita ce shaidar da kotu ke dubawa. Wanda ya ba da gonarsa yau zai rasu, magada su taso. Gari kuma yana bin makaranta, domin da an ga yara ɗari biyar na wucewa kullum sai masu shago da masu gidan haya su matso, filin da ba shi da daraja jiya ya zama abin rububi. A garinmu mun yi sakaci shekara biyu, muka wayi gari an aza harsashin gida a kusurwar gabas. Sai da aka yi zama uku a fada kafin a warware, kuma har yau akwai gidajen da gaisuwa ta yi sanyi tsakaninsu. Da mun kira masu awo tun farko, an kafa turakun siminti a gaban sufurefe, wakilin gwamnati a gunduma, da sarakuna da masu gonakin makwabtaka, an rubuta kowa ya sa hannu, an bi takarda har ta fito, da ba a kai nan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Girman filin fa? Filin ƙwallo kaɗai yana cin kusan kashi bakwai cikin goma na hekta. Ƙara azuzuwa da tazarar da iska za ta ratsa tsakaninsu, da gidajen malamai, da wurin salla, da lambu, da abin da jikoki za su bukata. Ni dai ba zan ba gari shawara ya karɓi abin da bai kai hekta biyar ba in akwai hali, kuma gara fili mai faɗi a ɗan gefen gari da ƙuntataccen wuri a tsakiyar kasuwa. Sai dai kada gefen ya zama ƙetaren mayo. Rafin da ake takawa a ƙafa a watan Fabrairu shi ne ke cin mutum a Satumba, daidai lokacin komawa makaranta.

Sannan a dubi ƙasar kanta. Duk wanda ya taɓa dasa masakwa ya san karal, baƙar lakar nan da ta shimfiɗu a Diyamare da Mayo-Kani da kwarin Binuwai da bakin kogin Logon. Da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Abin da ke sa ta yi wa masakwa daɗi, wato riƙe ruwa, shi ne ke sa ta zama abokiyar gabar gini. Tana ɗaga harsashi da damina, ta sake shi da rani, shekara biyu uku sai ka ga tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi ƙasa. Ginin farko da aka yi mana haka ya yi. Na sa yatsa biyu cikin tsagar bangon siziyam, daga ciki kana hango hasken waje, yara na zaune a ƙarƙashi suna kwafar darasi. Dattijon nan magini ya zo ya duba, ya tona gefen harsashin da sanda, ya ce, "Ɗana, wannan tushen ɗakin kwana ne aka yi wa makaranta." Zanen aji da ake bai wa 'yan kwangila iri ɗaya ne, amma ƙasar Mokolo mai dutse daban, ta Yagwa daban. Akwai ma'aikatar gwajin ƙasa ta gwamnati, Labogenie, akwai kuma masu zaman kansu. Ko ba a kai ga nan ba, a haƙa ramuka a wurare uku huɗu a ga zurfin lakar. Maganinta sananne ne: a zurfafa tushe, a kwashe lakar a cika da yashi da marmara a daddaɓe, a ɗaure harsashin da zoben kankare mai rodi, a zuba daɓe kewaye da ginin don ruwan indararo kada ya kwanta a gindin bango. Yana ƙara kuɗi, amma bai kai kuɗin sake gini ba.

A bakin Logon da Shari kuma akwai tambayar da tsofaffi suka fi injiniya sanin amsarta: ina ruwa ya tsaya a shekarar babbar ambaliya? Mutanen Maga da Yagwa ba su manta 2012 ba, Kusiri ta sha nata a 2022, a 2024 kuma ruwa ya mamaye makarantu da dama a Mayo-Danay da Logon-da-Shari dab da komawa karatu. Daɓen aji ya zama sama da waccan alamar da ruwa ya bari a jikin itatuwa.

Zafi shi ne na biyu bayan ƙasa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da 'yan jarrabawa suka fi bukatar nutsuwa, zafi a Garwa da Marwa da Kusiri yakan haura digiri 40. Ka zuba yara 60, wani wurin ma fiye da 100, a ɗaki mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7, kwano a kansu babu silin, ka ce su fahimci lissafi da ƙarfe ɗaya na rana. Malamin ma wuyansa ya bushe. Alhali rabin maganin kyauta ne. A shimfiɗa ginin tsawonsa daga gabas zuwa yamma, tagogi su dubi kudu da arewa, sai rana ta riƙa bi ta saman rufi, ba ta leƙowa cikin aji da hantsi ko da yamma. A yi tagogi a ɓangarori biyu suna kallon juna. A ɗaga rufi, a bar kafa tsakanin kwano da silin inda zazzafar iska za ta fita. A fito da baranda mai faɗi. Wannan dabarar ta rufi mai hawa biyu ita ce ta fito da sunan Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa, ya zo ya karɓi babbar lambar yabon masu zanen gini ta duniya a 2022. Mu ma ba baƙin abin ba ne. Wanda ya taɓa shiga ɗakin ƙasa na Musgum a Pus da tsakar rana ya san kakanni sun iya sanyaya ɗaki. Akwai ma hukumar gwamnati, Mipromalo, da aikinta shi ne bunƙasa kayan gini na gida. Abin da ke hana mu shi ne ganin da muke yi wa tubalin ƙasa kamar alamar talauci, ko da an matse shi da inji an haɗa da siminti. Ina ganin lokaci ya yi da wata majalisar jiha za ta gwada gini ɗaya, a sa ma'aunin zafi a ciki, a gwama da na bulo.

Rufi kuma yana da wani abokin gabar. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa, kuma kowace shekara sai an ji iska ta yaye kwanon makarantu. Dalilin kusan ɗaya ne: an aza katako a kan bango an ɗaure da 'yar waya, gara ta ci katakon, iska ta shiga ta ƙasa ta ɗaga. Rodin zoben sama ne ya kamata ya fito ya rungume ƙarfen rufi ko katakon, a kuma yi wa katako maganin gara. Shimfiɗa ginin gabas da yamma na da wani amfanin a nan, tunda gajeren bangon gefe ne ke karɓar iskar.

Sai ruwa da makewayi, waɗanda kullum ake cewa "daga baya". Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantar jeka-ka-dawo ita ce lita 5 ga kowane mutum a yini. Yara 840 ke nan lita 4,200, jarka 210 mai cin lita 20, kullum. Ba rijiyar makwabta ce za ta ɗauki wannan ba. Kuma ruwa ya kamata ya riga gini zuwa, domin aikin kansa ruwa yake sha. Bulo da kankare suna son a yi ta shayar da su kwana da kwanaki, kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya yi kwana 28, a zafin nan namu kuwa in ba ruwa a kusa lebura zai yayyafa sau ɗaya ya ce an yi. Bulon da ya bushe da ƙishi da hannu ake marmasa shi. Makewayi kuma, ƙa'idar ita ce rami ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya da wurin fitsari ga maza 50, nesa da rijiya da aƙalla mita 30. Wata uwa ce ta sa na daina ɗaukar wannan da wasa. Ta tare ni a hanyar masallaci ta ce, "Malam, 'yata ta girma. Makarantarku babu inda za ta kewaya, samari kuma na zaune bakin jeji. Kwana biyar duk wata tana gida, yanzu babanta ya ce ta zauna gaba ɗaya." Mun sha yin taro a kan dalilin da ke sa 'yan mata raguwa daga aji na uku, muna ta zancen auren wuri da talauci, duk gaskiya ne. Amma ga wani dalili nan da ƙofa mai sakata da tulun ruwa za su iya kawarwa. Makewayin mata ya kasance daban, ƙofarsa ba ta kallon na maza, kuma a inda idon malamai ke kaiwa.

Maganar kwangila ba zan tsawaita ba, sai abin da iyaye za su iya riƙewa. Lokaci yana da muhimmanci. Yashi daga cikin mayo ake ɗiba da rani. Siminti muna da masana'antarsa a Figil, amma rodi da kwano daga kudu suke zuwa, jirgin ƙasa kuma a Ngaundere ya tsaya, sauran tafiyar ta mota ce. Aikin da ba a fara ba kafin Afrilu, damina za ta same shi a harsashi, hanyoyin ƙauye su yanke, Satumba ta zo yara na rumfa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar kwangilolin gwamnati ta 2018 ta yarda a ba ɗan kwangila kafin alƙalami har kashi 20 cikin 100, ta kuma yarda a riƙe masa har kashi 10 a matsayin jingina sai wa'adin lamuni ya cika. Karɓar aiki sau biyu ake yi, ta wucin gadi ranar da aka gama, ta ƙarshe kuma yawanci bayan shekara. Wannan shekarar ita ce makamin gari, domin cikinta damina za ta gwada rufi, rani ya gwada bango. Duk tsaga da yoyo a ɗauki hoto, a rubuta wa injiniyan da ke sa ido da shugaban makaranta kafin a saki jinginar. Lokacin aikin ma ba laifi ba ne kwamiti ya wakilta magini ɗaya ya riƙa leƙawa, ya ƙirga bulo nawa ake fitarwa daga buhu, ya ga kaurin rodi kafin a rufe shi da kankare. Bayan an yi yaɓe an shafa fenti, ba mai iya gani.

Iyaye su kuma san nauyin da ke jiransu. Kuɗin da gwamnati ta ƙayyade jaka bakwai da rabi ne (sefa 7,500) a ƙananan azuzuwa, jaka goma (sefa 10,000) a manya, a makarantun da ba na sana'a ba. Abin da ke tafiyar da sabuwar makaranta a zahiri shi ne kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, wanda a wurare da yawa ya fi na gwamnatin. Daga ciki ake biyan malaman wucin gadi, a sayi benci, wani lokacin har a gina aji. Babbar makarantar horon malamai ta Marwa, da aka kafa tare da jami'ar garin a 2008, ta ƙara yawan malamai 'yan arewa, amma har yanzu malamin lissafi ko na kimiyya da aka turo ƙauyen da babu ɗakin haya, babu ruwa, babu wuta, zuciyarsa na kan neman canji tun ranar da ya sauka. Ɗakuna huɗu masu kyau da makewayi a kusurwar filin makaranta suna riƙe malami fiye da duk wata wasiƙar koke. A sa su cikin zane tun farko ko da kuɗinsu bai samu ba.

Katanga ita ce mai cin kuɗi, ga shi kuma ana bukatarta, don shanu da babura ba su san iyakar makaranta ba. Hekta biyar kewayenta ya kusa mita 900, bulon da zai zagaye shi ya isa gina azuzuwa. Mu abin da muka yi shi ne muka bi layin turakun awo muka dasa darbejiya, irin wadda ta yi wa titunan Marwa rumfa, muka raba wa yara, kowane ɗan siziyam da itacensa da zai shayar har ya fita. Awaki sun ci wasu, muka kewaye sauran da ƙaya.

Yanzu zanen makarantar na manne a bangon ofishin shugaba, an rufe shi da leda saboda ƙura. Gini bakwai aka zana na azuzuwa, huɗu an shafa musu jan alli alamar sun tsaya. Na biyar an riga an kafa turakunsa a arewacin na huɗu, da tazarar mita 12, an haƙa ramin gwaji an ga inda laka ta ƙare. Makon jiya dattijon nan ya sa jikansa ya riƙo masa hannu har wurin, ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ramin ya murza, ya ce a ƙara zurfin kamu ɗaya.